Tantanin da Mahauci Ya Saba Zubarwa

"...ya gajiya kuma? Ko da yake wace gajiya, mutumin da ba shi da aiki sai musu da rediyo."

"Lafiya lau, amarya. Ashe kina raye. Har na fara cigiyar wata."

"Wa zai ɗauke ka? Sai ni da aka ƙaƙaba wa."

Ɗakin yana bayan tsohon shagon nama, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Gado ne, da kujera, da tebur, da wardirob mai tsayi. Mai ɗakin tsohon mahauci ne, shekararsa saba'in da huɗu, arba'in daga ciki a bakin kututturen sara ya yi su. Wata uku da suka wuce ya zame a bakin famfo, ya faɗi kan kafaɗarsa ta dama. Ƙashin bai karye ba, tsagewa ya yi kaɗan, kuma ya warke. Sai dai hannun yanzu ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji. Riga ma sai maƙwabcinsa tela ya shigo ya sa masa. Babban ɗansa ya yanke magana: nan da mako biyu, in tsohon bai iya sa rigarsa da kansa ba, za a kulle ɗakin a mayar da shi gidan ɗan, a bene hawa na uku. Tsohon kuwa a ɗakin nan ya yi zaman aurensa duka, a nan matarsa ta rasu.

Baƙuwar jikarsa ce, 'yar babban ɗan. Yoga take koyarwa a wani zauren motsa jiki, wato miƙa gaɓɓai a hankali tare da lura da numfashi. Shekaranjiya ta dawo daga kwas na wata uku. Da safiyar nan ya kira ta ya ce ta sayo masa man zafi. Ta same shi a kujera, hannun yana cikin maratayin ƙyalle da aka ɗaura masa a wuya.

"Ina man?" in ji shi.

"Babu."

"Me kika rungumo haka kamar bututu?"

Ta warware shi a ƙasa. Shimfiɗar roba ce shuɗiya.

"Jama'a ku zo ku gani. Na aiki mace man zafi ta kawo min tabarmar roba. Da nama na aike ki da ƙaho za ki kawo min."

"Kwalba nawa ka shafa tun faɗuwarka?"

"Biyu."

Ta leƙa bakin taga. "Bakwai nake gani. Ɗakin nan ko sauro ya yi ƙaura. Ni kaina tun daga bakin titi idona yake hawaye, na zaci kewarka ce."

"Ai kewata ce. Ba ki dai so ki faɗa."

"In na takwas zai ɗaga hannun, da na bakwai ya fara. Tashi ka zo nan."

"In kwanta a ƙasa? Ni? Wannan ai aikinku ne, 'Yar Roba. Na ji labari. Manya da gemunsu suna zuwa ki koya musu miƙa irin ta kyanwa, har su ce sun gode. Ni kyanwar shagona kyauta take yi kullum, ba wanda ya taɓa ce mata malama."

"Kai da ka shekara arba'in kana danna wa mutane ƙashi a ƙarƙashin nama?"

"Ƙashi shi ne daɗin romo. Jahilci ne ya hana su gode min."

"Ɗaga hannun in gani."

Ya zare shi daga maratayin. Ya ɗaga har daidai aljihun riga, kafaɗar duka ta biyo shi zuwa kunne, ya cije leɓe. Nan ya tsaya. Ta zagaya bayansa ta ɗora tafin hannu a kan kafaɗar, sai ta janye hannun ta dube shi.

"Wurin nan da zafi, kuma ya kumbura. Wannan ba tsohon ciwo ba ne. Me ka yi?"

"Ba komai."

"Ango."

"Na ce ba komai. Gyara ne kawai na ɗan yi."

"Wane irin gyara?"

"Ƙugiyar rataye nama tana nan a shago. Na zura igiya, na ɗaure wannan hannun, na kama ɗaya bakin da hagu."

"Sai me?"

"Sai na fizga. Haka ake raba kafaɗar bijimin sa, fizga ɗaya."

"Innalillahi. Kai sa ne?"

"Tela ma haka ya tambaya. Da almakashi a hannu ya shigo, ya zaci yanka ni ake yi."

"Bijimin da kake rabawa ya taɓa tashi washegari ya sa riga?"

"Ba a taɓa kawo min ƙara ba."

Ta zauna a bakin gado. Ta ce masa ƙashinsa ba shi da laifi, kuma man zafi fata yake ɗumamawa, ba ya kai inda matsalar take. Ta ce akwai wani farin tantani da ke lulluɓe da kowace tsoka, yana naɗe gaɓɓai, yana haɗa wannan da wancan. In jiki yana motsi, tantanin yana sulɓi, tsoka tana zamewa a kan 'yar uwarta. In aka daɗe ba a motsa wuri ba, sai ya yi tauri ya takure, gaɓar ta ƙage.

"Tsaya," in ji tsohon. "Farin nan mai sheƙi? Wanda in ka ɗaga shi haske yana ratsawa?"

"Shi."

"Wannan kika tafi wata uku karantawa? Ai na kyanwa ne. Da bokiti nake zubar da shi."

"To na kyanwar ne ya riƙe ka."

"Da kin tambaye ni. Akwai mai laushi kamar yanar gizo a ƙarƙashin fata. Akwai mai kauri a gadon baya, wuƙa ma sai ta yi da gaske. Kuma ba ya yankewa. In kika kama shi daga wuya kina bi, sai ya kai ki har ƙafar baya. Duk dabbar a cikin jaka ɗaya take."

"Malaminmu mako biyu ya yi yana bayanin abin nan da majigi."

"Ki ce masa ya zo ya ɗauki darasi. Ya taho da wuƙarsa."

Ta ɗauki maratayin daga kan cinyarsa tana juya shi. Ya yi dauɗa a wuya, zaren gefe ya fara zarewa.

"Wannan kuma na me? Yaushe ka daina sa shi?"

"Kwana goma ke nan ubanki ya cire shi da hannunsa. Yau na mayar don ki gani."

"Kwana goma? Likita fa mako uku ya ce."

"Ke kika shiga wurinsa. Ni ina kan benci ina nishi."

"Mako uku ya ce, sannan a cire a fara motsawa."

"Ke kuma me kika ce min?"

Ta sunkuyar da kai tana jan zaren maratayin.

"In tuna miki? A bakin ƙofar nan kika tsaya, jakarki a kafaɗa. Kika ɗaga yatsa kika ce, kada ka kuskura ka cire shi sai na zo."

"Na zaci zan samu hutu a mako na uku."

"Kin samu?"

"An ɗaga."

"To ni ma na ɗaga."

"Mako goma sha ɗaya? Baba bai ce ka cire ba?"

"Ya ce. Tela ya ce. Har mai kawo ruwa ya ce. Na ce musu amaryata ta ce sai ta zo."

"Tun ina goye ba ka taɓa bin maganata ba. Na ce ka bar gishiri, ka ƙara. Na ce ka sa tabarau, ka ba kyanwa ta yi wasa da shi. Sai wannan ɗayar ka zaɓa?"

Tsohon ya dubi hannunsa a kan cinya. Da ya yi magana, muryar ba ta zolaya ba ce.

"So na yi in ga kwana nawa za ki yi. Na ce duk ranar da kika ƙara, na samu abin yi miki gori. Ina ƙirgawa ina jin daɗi. Na tanadi maganganu, wallahi masu kyau, waɗanda za ki rasa amsarsu. Ran da ubanki ya zare ƙyallen ya ce ɗaga, na ɗaga, sai hannun ya ce bai san ni ba. Gorin yana nan na tara, ban ma san me zan yi da shi ba."

"Sau nawa muka yi waya?"

"Kullum Lahadi."

"In ce ya hannu, ka ce yana gaishe ni."

"Ke kuma ki yi dariya ki ce ki gaishe shi."

"Ban taɓa tambayarka ko ka cire ba. Ina can ina koyon yadda ake sauraron jiki." Ta ninke maratayin gida huɗu ta sa a jakarta. "Wannan ni zan tafi da shi."

"Ki wanke kafin ki sa wa wani mijin."

"Kwanta."

Ya kwanta, amma sai da aka yi ciniki. Ya ce a rufe labule kada masu wucewa su ce mahauci ya zautu. Ya ce robar tana warin sabon takalmi. Ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi daga filas, ta matse, ta ɗora masa a wuya da bayan kafaɗa, ta kauce wa inda ya kumbura. Ta ce ya ɗora hannun hagu a kan cikinsa, ya ja numfashi ta hanci har ya ji hannun yana tashi, ya sake shi a hankali.

"Numfashi ma sai an koya min? Shekara saba'in da huɗu ina yi ba fashi."

"Ba ka yi. Duk lokacin da hannun ya motsa riƙewa kake. Sake."

Ya sake. Yana kallon silin.

"Kakarki," ya ce, "shekara shida tana cewa kafaɗarta."

"Na tuna."

"Ta hagu. Na tattaɓa, na murza, na ce ƙashi lafiya, tsoka lafiya, raki ne kawai irin nata. Man zafi na saya mata. Daga baya ɗankwali da hannu ɗaya take ɗaurawa, ta kama ɗaya bakin da haƙori. Ina zaune a kujerar can ina mata dariya, ina cewa ta zama ɗan kwikwiyo." Ya dubi kujerar. "Ni da na fi kowa a unguwar nan sanin akwai wani abu tsakanin ƙashi da tsoka. Kullum yana hannuna. Ban taɓa kawowa a raina mutum ma yana da shi ba."

"Ba lallai ciwonku ɗaya ba ne. Ba wanda ya duba nata."

"Ai shi ne. Ba wanda ya duba."

Ta gyara tawul ɗin. Can sai ta ce, "Tsoho, koya min fiɗa."

"Ke? Da kike gudun jinin kaza?"

"Da baki. In kana so ka cire fatar rago ba ka huda ta ba, ya kake yi?"

Ya juyo da kai. Wannan tambaya ce da ya daɗe ba a yi masa ba.

"Da farko, da ɗuminsa. In kika bari ya huce kin shiga uku, sai ya manne. Na biyu, wuƙa kaɗan ce a aikin, 'yan koyo ne suke ta yanka. Hannu kike dunƙulewa ki zura tsakanin fata da nama. Ki tura kaɗan, ki tsaya. Ba ke ce kike raba su ba, jira kike. Za ki ji yana saki da kansa, yana 'yar ƙara kamar ana yage takarda a hankali. In ya ƙi, ba a faɗa da shi. Ki bar wurin, ki zagaya ta gefe, in kin dawo kin tarar ya yi laushi."

"Idonka yana ina?"

"Ido ba ya gani a ciki. Hannu ne yake ji. In hankalinki ya tafi wurin mai saye, yanzu yatsa ya fito ta fata."

"Wanda ya fizga fa?"

"Korarsa nake yi. Na kori uku a kan haka."

"To me ya sa ka fizgi naka?"

Tsohon ya mayar da idonsa silin.

"Nawa ba na sayarwa ba ne," ya ce.

"Abin da ka faɗa yanzu shi ne aikina duka. Ɗumi, a hankali, tura kaɗan, jira, hankali a wurin. Bambancin kawai, namu ragon yana numfashi, kuma yana da taurin kai. Tashi."

Ta sa ya dafa tebur da hagu, ya sunkuya, ya saki hannun dama yana reto kamar igiya. Ba shi zai juya hannun ba, jikinsa zai kaɗa kaɗan hannun ya bi. Sau uku tana dakatar da shi don yana taimaka wa hannun da ƙarfi. Daga nan ta tsayar da shi gaban bango, ta ce yatsunsa su hau a hankali kamar tururuwa.

"In ka ji ja, tsaya ka yi numfashi uku. In ka ji suka, ka wuce wuri, sauko."

"Wa zai gaya min bambancin?"

"Kai. Ni ba na cikin kafaɗarka."

Ya rufe ido. Yatsun suka hau, suka tsaya. Ya yi numfashi ɗaya, biyu, a na ukun gashin girarsa ya motsa.

"Ya saki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kaɗan. Na ji shi."

Ta ciro biro ta yi ɗan layi a bango inda ya fara tsayawa, ta yi wani inda ya kai. Tsakaninsu faɗin yatsa biyu ne.

"Shi ke nan?" in ji shi da ya buɗe ido. "Duk wannan nishin?"

"Na yau ke nan."

"Miƙo min rigar can."

"Kada ka..."

"Miƙo."

Rigunansa duka ta kai ake sa su. Ta nuna masa ya fara zura hannun mai ciwo, ya ja har kafaɗa da hagu. Wannan ya yiwu. Da ya zo zura kai sai rigar ta tattare a wuya, hannun hagu ya maƙale a sama, fuskarsa ta ɓace a ciki. Ya tsaya haka a tsakiyar ɗaki.

"Amarya," muryarsa ta fito ta cikin yadi, "kina nan?"

"Ina nan. Ina tunanin ɗaukar hoto."

"Ki ɗauka in sake ki yau."

Ta jawo rigar ƙasa. Kansa ya fito, gumi ya jiƙa goshinsa. Ya zauna a kujera, ya daɗe yana kallon layuka biyun da ke bango.

"Ki gaya wa ubanki na sa da kaina."

"A'a."

"Rabi ai ni na sa."

"Zan ce ka sa rabi."

"Wace irin mata ce ke? Ƙarya guda ɗaya tal don mijinki?"

"In na yi, ya bar ka kai kaɗai, ka koma wurin ƙugiya. Bari in gaya maka gaskiya, tsoho. Mako biyu ba zai isa ba. Irin wannan kafaɗar tana cin watanni, wani lokaci ba ta dawowa duka. Kuma sai mun koma asibiti an duba ɓarnar da ka yi da igiya, ni ba likita ba ce."

"To ai an gama. Ki fara ɗaure min kaya."

"Ba a gama ba. Yau zan je in gaya wa Baba ni na ce kada ka cire. Bai sani ba ko?"

"Na ce masa amaryata ta ce. Ya zaci shirmen tsufa ne."

"Zai sani yau. In roƙe shi wata biyu. In ce kullum ƙarfe bakwai ina nan kafin in tafi aji, ni zan sa maka riga har ran da za ka ƙwace ta."

"Zai yi miki faɗa."

"Na cancanci faɗan."

"In ya ƙi fa?"

"In ya ƙi, zan riƙa hawa benen. Amma ba na jin zai ƙi. Tsoro yake ji, ba ɗakin yake so ba."

Tsohon ya shafa gemu da hagu. Sai ya nuna saman wardirob da haɓa.

"Ɗauko gwangwanin can. Wata uku ina kallonsa yana kallona."

Ta taka bakin gado ta sauko da shi. Tsohon gwangwanin alewa ne, da maɓallai a ciki da allurai. Ya sa yatsa ya tona, ya fito da makulli ɗaure da jan zare.

"Na kakarki ne. Tun da ta rasu makullin ɗakin nan ɗaya ne ke aiki. Ba na son a riƙa buga min ƙofa da sassafe kamar gobara."

Ta karɓa ta riƙe shi a tafin hannu. Zaren ya koɗe inda yatsa yake kamawa.

"Sadakina ne?" ta ce.

"Sadakin me, macen da ta yi yaji wata uku? Aro ne." Ya gyara wuyan rigarsa. "Na ji, kin ci. Amma in ubanki ya tambaya, ki ce darasin nawa ne. Ni na koya miki."

"Zan ce mahauci ne ya koya min, kuma ya iya. Ɗalibin ne dai daƙiƙi."

Tsohon ya fashe da dariya har kafaɗar ta soke shi. Ya dafe ta da hagu, bai daina ba.